Zari-ruga: in ka iya gudu, shi ke nan ka gama?

Yau zancen wasa na zo da shi, kuma wasan da da yawanmu ba mu taɓa ganin ana yin shi ido da ido ba. Ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe, don akwai abin da ya shafi yaranmu a ciki.

Bahaushe ya raɗa wa wasan rugby suna zari-ruga, wato ka zari ƙwallo ka ruga. Sunan ya yi daɗi a baki, amma rabin labarin kawai ya faɗa. Duk wanda ya ji shi zai ɗauka wanda ya fi kowa gudu shi ne sarkin wasan. Ƴan guntayen bidiyon da ke yawo cikin salula su ma haka suke nunawa: daƙiƙa ashirin, mutum ya karɓi ƙwallo a bakin layi, ya bar ƙarti na binshi kamar an ɗaure masu duwatsu a ƙafa. Irin wannan bidiyon ne ya tada gardama a fadarmu wajen shayi. Wani ƙanenmu, wanda ba a taɓa tsere da shi a unguwa ya zo na biyu ba, ya kalla ya ce, "Yaya, wannan ai kuɗi ne a banza. Wallahi in aka kai ni can, ba mai kama ni." Wasu suka goya mashi baya, wasu suka yi dariya. Ni na daɗe ina kallon wasan nan cikakke a YouTube, daga busa ta farko har ta ƙarshe, kuma ina da ja a maganarshi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Da farko ku sani zari-ruga iri biyu ne. Akwai na ƴan wasa 15, akwai na ƴan wasa 13. A kan na 13 nake magana. An haife shi a arewacin Ingila ranar 29 ga Agusta 1895, a garin Huddersfield, inda ƙungiyoyi 22 suka ɓalle daga hukumar wasan. Dalilin kuɗi ne: ƴan wasansu leburori ne, ma'aikatan haƙar kwal da na masaƙa, in sun bar aiki ranar Asabar don wasa ana yanke masu lada, hukumar kuwa ta hana a biya su. A 1906 suka rage ƴan wasa daga 15 zuwa 13. Wasan ya shiga Ostireliya a 1908, ya shiga Faransa a 1934, kuma a Faransa aka yi gasar kofin duniya ta farko a 1954. A ƙasar Papuwa Niyu Gini shi ne wasan ƙasa, kamar yadda kokowa take a wurinmu.

Ga yadda ake yin shi, don amsar tambayarmu tana cikin dokokin. Minti 80 ake yi, 40 da 40. Filin mita 100 ne tsakanin layi da layi. Wanda ya dangwala ƙwallo a bayan layin abokan gaba ya samu maki 4, in aka buga ta ta bi tsakanin sanduna a ƙara 2. Ba a jefa wa ɗan'uwa ƙwallo gaba, sai baya ko gefe. In ta suɓuce maka ta faɗi gabanka, kun rasa ta. Babbar dokar ita ce ta kaye shida: ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo, in aka kada mai ɗauke da ita har sau shida ba su ci ba, sai su miƙa ta. Bayan kowane kaye, wanda aka kada zai tashi ya tura ƙwallon baya da ƙafa, su kuma masu tsaro dole su ja baya mita 10, ban da mutum biyu da ke tsayawa a gabanshi.

Ku lissafa da kanku. Mai tsaro ya ja baya mita 10, ya dawo da gudu, ya yi karo da ƙato mai kilo 100 ko fiye, su faɗi tare, ya tashi, ya sake ja baya mita 10. Sau shida a jere. In ƙungiyarshi ta karɓi ƙwallo ta yi sakaci ta yar, a sake sabon lale. Mai lamba 9, wanda ke tsakiyar fili, ba abin mamaki ba ne ya yi kamu 40 ko fiye a wasa guda. Gudun nan da muke gani a bidiyo, wanda fili ke buɗe wa mutum daga nan har can, akan yi wasa sukutum bai samu ko sau ɗaya ba. To sauran mintocin me mai gudu zai yi da su?

An gwada abin, ba sau ɗaya ba. Dwain Chambers ɗan tseren Birtaniya ne, ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.97 a gasar duniya ta 1999, ya samu lambar tagulla. A 2008, lokacin da ƙofofin tsere da yawa suka rufe mashi saboda laifin shan ƙwayoyin ƙara kuzari da aka taɓa kama shi da shi, ƙungiyar Castleford ta ɗauke shi gwaji na wata guda. A duk ƙungiyar ba wanda zai iya jin ƙurarshi a tsere. Wasa guda ya buga, shi ma tare da ƴan aji na biyu, a karawa da York. Da wata ya cika aka yi mashi godiya aka sallame shi. Kar ku ce ƙafar ce ta mutu: shekara biyu bayan haka, a 2010, ya zama zakaran duniya a tseren mita 60.

Kafin shi an yi Darren Clark a Ostireliya, gwanin mita 400, wanda ya zo na huɗu a wasannin Olamfik har sau biyu, 1984 da 1988. A 1991 ya shiga ƙungiyar Balmain ta birnin Sidni. Tare da ƴan aji na biyu ya yi kakarshi, daga baya ya koma tsere. Ko a tamaula da muka fi sani mun ga irin haka. Usain Bolt, mai daƙiƙa 9.58, wanda har yau ba a kamo shi ba, ya je gwaji a ƙungiyar Central Coast Mariners a 2018, har ya ci ƙwallo biyu a wasan sada zumunci, amma aka rabu ba a sa hannu ba.

Mene ne mutanen nan suka rasa? Abu na farko shi ne kamu. A nan ne ya kamata mu ƴan Nijar mu fi kowa saurin ganewa, mu da muka tashi muna jin labarin Kantu na Maraɗi, wanda ya fara ɗaukar takobi a 1975, da Langa-Langa na Damagaram, muka kuma ga Issaka Issaka na Doso da idonmu. Mun san ba ƙato kaɗai ke kaye ba. Akwai inda ake sa ƙafa, akwai yadda ake sauke ƙugu, akwai lokacin da ake jira abokin karawa ya jingina nauyinshi waje guda. Manyan ƙungiyoyin Ostireliya sun gane haka, har suna ɗaukar masu koyar da kokowa aiki, kuma Melbourne Storm ta yi suna a kan wannan. Sai dai akwai bambanci. A filinmu da an yi kaye an gama, makaɗa su ɗauka. A can kaye farkon aiki ne. Mai kamu yana so ya kwantar da kai rigingine ya danne ka daƙiƙa biyu ko uku, don ƴan'uwanshi su samu su ja baya su jera. Kai kuma kana so ka faɗi rub-da-ciki ka miƙe nan take, tun ba su shirya ba. Wanda ya ci wannan ƙaramar kokowar sau da yawa, yawanci shi ke cin wasan.

Kuma rashin iya kamu haɗari ne. Ba a sa hular kwano a wasan nan. Wanda ya sa kanshi ta gaban gwiwa ko ƙugun mai gudu, maimakon ta gefe, shi zai fara suma. Shi ya sa aka hana kamu daga wuya zuwa sama, kuma tun 2023 a gasar NRL ta Ostireliya duk wanda aka tabbatar ya samu buguwar ƙwaƙwalwa sai ya huta kwana 11. Ɗan tsere ya tashi yana gudu cikin layinshi, ba mai taɓa shi. Ranar da ya shiga wannan filin, abokan gaba za su gane shi tun minti biyar na farko, su yi ta turo mashi ƙartinsu ɗaya bayan ɗaya har ya gaji ko ya tsorata.

Abu na biyu hannu ne, da natsuwa. Ɗan gefe, wanda yawanci shi ne mafi gudu a ƙungiya, shi ake yi wa ruwan ƙwallo daga sama. Idan kaye na biyar ya wuce, sai a buga ta can ƙololuwa, tana juyawa kamar ƙwai, ga fitilu a ido, ga mutum uku na tahowa da gudu. In ya cafe, an wuce wurin. In ta suɓuce, ya jawo wa ƙungiyarshi kaye shida a bakin ƙofarta. A wasan ƙarshe na NRL na 2015, North Queensland da Brisbane sun tashi 16 da 16, aka shiga ƙarin lokaci inda wanda ya fara samun maki ya ɗauki kofi. Bugun farko, Ben Hunt na Brisbane, gwani ne ba a musu, ya sa hannu ƙwallo ta suɓuce. Ba a jima ba Johnathan Thurston ya buga ta tsakanin sanduna, maki 1, aka tashi 17 da 16. Wahalar shekara guda ta tafi a cafa guda. Shi kuwa Thurston, wanda tun yana yaro aka yi ta ce mashi ya cika ƙanƙanta, mintoci kaɗan kafin nan ya buga wata ta daki sanda ta dawo. Bai bar abin ya ci mashi rai ba.

Abu na uku, wanda a ganina ya fi sauran, ido ne da lissafi. Ku nemi bidiyon wasan ƙarshe na 2003, Penrith da Sydney Roosters. Ana ruwan sama, ana 6 da 6 a zagaye na biyu. Ƙwallo ta faɗa hannun ƴan Roosters, aka miƙa wa ɗan gefensu Todd Byrne, fili ya buɗe mashi fetal. Wanda ya bi shi Scott Sattler ne, ɗaya daga ƙartin gaba, mai shekara 31, wanda a tsaye ba wanda zai ce ya kamo ɗan gefe. Amma Sattler ya fara motsi tun kafin ƙwallon ta kai hannun Byrne, kuma bai bi bayanshi ba. Ya yanko ta gefe ya nufi inda Byrne zai isa, kamar yadda makiyayi ke tarbe ɗan maraƙin da ya ɓalle. Ya cim mashi a bakin layi, ya nannaɗe ƙafafunshi suka fita waje tare. Penrith ta ci 18 da 6. Fiye da shekara ashirin ke nan, har yau kamun nan ake tunawa, ba a cika zancen waɗanda suka ci makin ba.

In kuna son babbar shaida, ga Cameron Smith na Melbourne Storm. Ana yi mashi ba'a wai jikinshi na akawu ne, kamar wanda ya yini a bayan tebur. Ba ya cikin masu gudu, ba ya cikin ƙarti. Amma ya buga wasa 430 a NRL daga 2002 zuwa 2020, ba wanda ya kai shi, kuma da yawa na cewa ba a taɓa yin kamarshi ba. Shi ke fara taɓa ƙwallo bayan kowane kaye. Cikin ƙiftawar ido yake duba wane mai tsaro ne bai gama ja baya ba, wane ne ya dafa gwiwa yana haki, wane ɓangare ne aka bari da mutum uku a gaban huɗu. Ya san lokacin da za a hanzarta wasa da lokacin da za a ja shi. Masu gudun ƙungiyarshi, irin su Billy Slater da Josh Addo-Carr, sau da yawa ramin da ya hango ne suke bi su wuce.

Ga kuma zuciya. Rob Burrow na Leeds tsawonshi mita 1.65 ne kacal, a cikin mutanen da suka fi shi da kilo 40 ko 50. Yana da sauri, gaskiya ne, amma da sauri kaɗai da bai yi wasa 492 ba, da bai ɗauki kofin Super League sau 8 ba. Abin da ya riƙe shi shi ne bai taɓa kauce wa kamu ba. Ya koyi shiga ƙasa ya ɗauke ƙafafun ƙato. Bayan ya bar wasa ciwon jijiyoyi ya kama shi har ya kasa tafiya da magana, ya rasu ranar 2 ga Yuni 2024. Shekara guda kafin nan, a tseren gudun fanfalaki na Leeds, abokin wasanshi Kevin Sinfield ya tura shi a keke, da suka zo ƙarshe ya ɗauke shi a hannu suka ƙetare layi tare. Irin amanar da ake ginawa ke nan a wasan da kowa ke tsaron kafaɗar ɗan'uwanshi.

Yanzu bari in ba masu ja da ni haƙƙinsu, don suna da hujja. Gudu baiwa ce, kuma ita ce ta fi wuyar koyarwa. Mai horarwa zai iya koya maka kamu, amma ba zai iya saya maka ƙafa ba. Shi ya sa ko'ina ake neman masu gudu ruwa a jallo. Ken Irvine na Ostireliya ɗan tsere ne na gaske, kuma ya dangwala sau 212, adadin da ya yi fiye da shekara 50 ba wanda ya kamo. Martin Offiah, haifaffen Landan wanda iyayenshi ƴan Najeriya ne, ya dangwala sau 501 a rayuwarshi ta wasa. A 1992 Wigan ta saye shi daga Widnes a kan fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa biya ba a lokacin, kuma a shekarar ya ci sau 10 a wasa guda a kan Leeds. A 1994 a filin Wembley ya ɗauko ƙwallo daga kusa da layinsu ya kai ta ɗaya ƙarshen. Yau mutum-mutuminshi na tsaye a Wembley ɗin.

Sai dai ku duba da kyau. Offiah bai faɗo daga filin tsere ba. Tun yana lakkol yake riƙe wannan ƙwallon, ya yi wasan ƴan 15 kafin Widnes ta ɗauko shi a 1987. Kuma ba a cin sau 10 a wasa guda da ƙafa kawai. Mutum sai ya san inda fili zai tsage tun bai tsage ba, ya baro gefenshi ya biyo kafaɗar mai ƙwallo, ya iso daidai lokacin da za a miƙo. In ya yi gaggawa ya wuce gaba, jifar ta zama haramtacciya, alƙalin wasa ya busa. A nan karin maganar nan ta sauri ya haifi nawa take zama doka a rubuce. Abin da ya raba Offiah da Chambers ba ya wuce shekarun da ɗaya ya kwashe yana koyon sauran aikin.

To me ya kai mu wannan dogon zance, mu da ba mu da filin zari-ruga a unguwa? Yaranmu ne. Kusan kowace unguwa akwai yaro guda da ake cewa "wannan iska ne". A tamaula a ajiye shi gefe, a yi ta wurga mashi ƙwallo gaba yana ruga, ana tafi ana kirari. Ba mai ce mashi ya koyi tsayar da ƙwallo da ƙafar hagu, ko ya koyi komowa baya ya taimaki ƴan'uwa. Yana shekara 14 gudun na isar shi, don sauran yara ba su kai shi ba. Ranar da ya je gwaji a babban gari sai ya tarar kowa a filin iska ne, kuma su sun iya wasu abubuwan. Wani ma ya riga ya bar lakkol saboda kirarin da muka yi mashi, wani iyayenshi sun sayar da akuya ko ɗan fegi sun ba wani mai baki da ya ce zai kai shi Turai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Laifin ba na yaron ba ne shi kaɗai, har da mu masu tafin.

Shawarata ga iyaye da yayye da masu horar da yara a unguwanni ita ce, yaron da Allah ya ba ƙafa, ku fi matsa mashi a kan abin da bai iya ba. Ku sa shi tsaro lokaci-lokaci. Ku zaunar da shi ya kalli wasa cikakke, ku ce ya bar bin ƙwallo da ido, ya bi mutum guda na minti goma ya ga abin da yake yi lokacin da ba shi da ita. Ku tambaye shi sau nawa mutumin ya faɗi, sau nawa ya tashi. Kuma kar ku bari ya ajiye boko, don ƙafa tana da wa'adi: gwiwa guda ta goce, ko shekara 30 ta wuce, gudun ya fara ja baya. Smith ya yi wasa har yana shekara 37 saboda abin da ya dogara da shi ba ya cikin cinya.

Ku kuma samari masu gudu, ba hana ku nake ba. Ku gode wa Allah, ku ci gaba da atisaye, baiwarku ita ce za ta sa a fara kallonku. Amma ku je filin kokowa ku tsaya kusa ku ga yadda ake sa ƙafa, ku nemi wanda ya fi ku iya riƙe ƙwallo ku ce ya koya maku, ko da kun fi shi gudu sau biyu.

Wanda ke da wata hujja ta daban, bismillah, fili a buɗe yake, ina saurare. Allah ya raya mana zuriya, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya. Sai wani jiƙon.